Daddawa Tana Can Bisa Ɗorawa



Duk wanda ya taso a ƙasar Hausa ya san ƙamshin da ke tashi idan an daka daddawa an zuba a miyar kuka. Amma kaɗan ne daga cikinmu suke tambayar inda wannan ƙamshi ya fito. Daga itaciya ɗaya ya fito, ita ce ɗorawa, kuma yau gatari ya sa ta gaba.

Manomin da, idan yana sassabe, akwai itatuwan da ba ya taɓawa: kuka, tsamiya, kaɗanya, gawo da ɗorawa. Ba don inuwa kaɗai yake barin su ba. Ɗorawa takan nuna ne da bazara, lokacin da rumbu ya fara yin ƙasa, sai garinta mai ruwan rawaya ya riƙe cikin yara kafin a kai ga sabon hatsi. Baturen nan matafiyi, Mungo Park, ya faɗa a littafinsa na 1799 cewa an gaya masa mutanen wani yanki da ya ratsa sun rayu da wannan gari a lokacin yunwa. Makuba, wato ɓawonta, da ita ake daɓen ɗaki da yaɓen bango. Kalwa kuwa, ƙwallon da ke ciki, ita ce uwar daddawa.

Aikin ba na raguwar mace ba ne. Ana dafa kalwa wuni guda, wani lokaci har ta kwana a wuta, kafin ta yi laushi. A surfa ta a turmi, a wanke a fitar da ɓawo, a sake dafawa, sannan a rufe ta ruf a wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa uku har ta ruɓa daidai gwargwado. Nan gwaninta take. Idan aka buɗe da wuri ba ta yi ba, idan aka makara ta ɓaci, kuma babu ma'auni sai hancin tsohuwa da tafin hannunta. Daga nan a kirɓa, a mulmula, a shanya. Da kuɗin wannan sana'a mata da yawa suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kalwa sinadarin gina jiki ne, don haka gidan da nama ba ya shiga sai salla, daddawa ce ke rufa masa asiri.

Ba mu kaɗai muka san ta ba. Yarbawa suna da iru, a Mali da Burkina Faso akwai sumbala, a arewacin Gana ma kowace kasuwa ka shiga za ka same ta. A inda ɗorawa ta yi ƙaranci, kamar sassan Nijar, mata suka koma ga 'ya'yan yakuwa suna yin daddawar batso. Daga baya aka shigo da ta waken suya.

Sai dunƙule ya zo. Maggi asalinsa Suwizalan ne, an fara yin shi dunƙule a 1908, kamfanin Nestlé ya mallake shi a 1947, yau kuma babu teburin mai kayan miya da za ka rasa shi. Ba na zargin uwargidan da ta rungume shi. Yana da araha, ba ya cin itace, ba ya buƙatar turmi. Sai dai mafi yawan abin da ke cikinsa gishiri ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana. Mu kuwa mukan jefa uku ko huɗu a tukunya, mu ƙara gishiri, sannan mu bi da farin magi, ga hawan jini ya zama ruwan dare.

Duk da haka, abin da ya fi tayar mini da hankali yana daji. Masu gawayi suna sare ɗorawa, masu faɗaɗa gona suna tumɓuke 'yan ƙananan, awaki suna cinye abin da ya tsiro. Itaciyar da kan ɗauki shekaru kafin ta fara 'ya'ya, injin yanka yana kayar da ita kafin a sha ruwa. Ka duba gonakin garinku: ɗorawar da ka gani, kakanni ne suka bar ta. Ina wadda mu muka bari?

Akwai abin koyi kusa da mu. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka riƙa renon tsiron da ke fitowa daga kututture maimakon sare shi, har gonakinsu suka sake cika da itatuwa. Ma'aikatun gandun daji da ke raba dogon yaro duk damina, su haɗa da irin ɗorawa. Masu unguwanni da dagatai su sa tara mai nauyi kan wanda ya sare ta. Masu gonaki kuma, idan kun ga tsironta a kunya bana, ku kewaye shi da ƙaya.