Tukunyar Matafiyi

A kasuwar Maiha, daf da iyakar Kamaru, da zarar kaka ta wuce makiyaya sun fara shirin tafiya neman ruwa da ciyawa, sai ciniki ya buɗe wa masu sayar da tukwanen dalma. Abin mamaki, mutum uku ne za su shiga daji, amma sai su ɗauki tukunyar da za ta ciyar da gidan biki, wai don kada a ji kunya idan baƙo ya sauka.

Wannan kunya tana da tsada. Babbar tukunya tana cin itace, tana daɗewa kafin ta tafasa, sa'an nan a wanke ta da ruwan da ya kamata a sha. Ruwa kuwa a gindin duwatsun Mandara, cikin rani, ɗauko shi ake yi, kuma kowace lita nauyin kilo 1 ce.

Ƙaramar ma da nata aibin. Shinkafa takan kumbura kusan ninki uku, tuwon dawa kuma yana son sararin da muciya za ta juya. Idan tukunya ta cika har baki, ko a zubar a toka, ko a yi girki sau biyu.

Abin da ya dace shi ne a ƙiyasta wa kowane mutum kimanin lita 1, a bar sulusin tukunya babu kome. Mutum uku, mai cin lita 4 ko 5 ta ishe su. A nemi mai faɗin gindi wadda za ta zauna daram bisa duwatsu uku, da murfi mai kama baki, gama iskar hunturu kwashe zafi take yi. Ta yumɓu kam a bar ta a gida, tuntuɓe ɗaya jaki zai yi a kan dutse.