Birnin da inji ke mulki

A cikin ƙagaggun labarai akwai wani irin birni mai girman gaske. Ba shi da sarki, ba shi da alƙali. Inji guda ne ke mulkinsa. Shi ke raba abinci da ruwa, shi ke kunna fitila, shi ke buɗe ƙofa ya rufe.

A shekarar 1909 wani marubucin Ingila, E. M. Forster, ya rubuta irin wannan labari. Mutanen cikinsa a ƙarƙashin ƙasa suke zaune, kowa da ɗakinsa. Mai jin yunwa ya danna maɓalli, abinci ya zo. Mai son hira da ɗan'uwansa ya gan shi cikin wani faranti mai haske, ba sai ya tashi ba. Sannu a hankali suka manta yadda injin yake aiki. Da ya lalace, aka rasa mai gyara, birnin ya hallaka da mutanensa.

Yaro na iya cewa tatsuniya ce kurum. Amma a 2021 Saudiyya ta bayyana shirin gina birni mai tsawon kilomita 170, wanda babu mota a cikinsa, kwamfuta ce za ta lura da harkokinsa.

Inji ba abin ƙi ba ne. A Jiratawa, cikin yankin Madarumfa, injunan lantarki ke jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa zuwa gonaki. Da su manoma ke samun zogale da albasa a tsakiyar rani. Hannu da guga ba su iya wannan aiki.

Amma bara daban, maigida daban. Bai kamata a ba inji mulkin gari ba, saboda dalili biyu.

Na farko, inji bai san uzuri ba. In mace ta rasa mijinta, ta kasa biyan kuɗin ruwa, inji lissafi kawai ya sani, sai ya yanke mata ruwan. Taron manoma kuwa yana iya sauraronta, ya yi mata jinkiri har amfanin gona ya nuna.

Na biyu, inji yana tsayawa. Nijar ta daɗe tana sayen yawancin lantarkinta daga Najeriya. A watan Agusta na 2023 aka yanke wannan wuta, ba a maido ta ba sai a 2024. A Maraɗi da Zinder da Yamai wuta ta riƙa ɗaukewa awa da awa. Mai walda ya zauna, mai sayar da ƙanƙara ya yi asara. Maɓallin yana hannun wasu, can nesa.

Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Don haka ya kamata ɗan makaranta, mace ko namiji, ya dage da lissafi da kimiyya, har ya iya kwance inji ya ɗaura. Ya kuma koyi zama cikin taro, ya saurari na gaba, ya faɗi nasa ra'ayi. Gari mai irin waɗannan yara, ko injinsa ya tsaya, mutanensa za su tashe shi.

Tambayoyi
1. Me ya hallaka birnin da ke cikin labarin?
2. Wane aiki inji ke yi a Jiratawa?
3. Wace shawara ce inji ba ya iya yankewa?