A Duba Ɗaki Kafin Ruwa Ya Sauka

Duk shekara da damina ta kankama a Legas, ƙorafi iri ɗaya ke zuwa ofishin ƙungiya: kwano ya yi yoyo, silin ya rufto kan kaya, mai gida ya ce ɗan haya ne ya ɓata, ko ya biya ko ya tashi. In muka tambayi ɗan'uwanmu yadda ɗakin yake ranar da ya shiga, sai ya ce Allah ne shaida. Gaskiya ne, amma alƙali takarda yake nema.

Don haka muke ganin duba ɗaki wajibi ne a kan kowane magidanci, domin kare rai da kare haƙƙi. Nan ba kamar Arewa ba ne. Ruwa kan kama tun wajen Afrilu har Oktoba, danshi kuwa ba ya barin bango.

A fara da bango. A nemi tabon ruwa, da fentin da ya kumbura, da tsaga, da siririyar hanyar ƙasa da gara ke ginawa. Sannan a kashe wutar gidan baki ɗaya, a leƙa saman silin da rana, tocila a hannu. Katako ake takawa, ba silin ba. A kashe tocilar na ɗan lokaci: duk inda haske ya ratso ta kwano, ta nan ruwa zai shigo. Katakon da aka ƙwanƙwasa ya yi ƙarar fanko, gara ta cinye cikinsa.

In an ga kashin ɓera kada a share shi a bushe, a jiƙa shi da ruwan bilic tukuna, domin ta kashi da fitsarin ɓera zazzaɓin Lassa ke yaɗuwa. Ɓeran nan kuma shi ke gaigaye robar waya. Waya tsirara, haɗin da aka naɗe da leda, soket da ya yi baƙi, duk gobara ce ke jiran dare. Wannan aikin mai gyaran wuta ne, ba na ɗan karambani ba.

Abin da aka gani a ɗauki hotonsa, a rubuta wa mai gida da kwanan wata, a ajiye kwafi. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta ɗora wa mai gida gyaran wajen gini da wuraren da ake tarayya, da ba da rasit. Ta kuma tanadi notis na wata 6 ga mai biyan shekara, in ba a yi wata yarjejeniya daban ba.

Wasu kan ce mu baƙi ne, kada mu ja magana. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama a duk inda ya so cikin ƙasar nan. Neman gyara cikin ladabi ba tsokana ba ne.

Mu ma da namu laifin. Hita da dutsen guga da firji a soket ɗaya ba mai gida ne ya haɗa su ba. Wanda rubutu ke ba wahala ya zo ofis, za mu rubuta masa. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, amin.