Auna Mai A Tsohon Jirgin Ruwa: Sanda Da Littafi Kafin Manhaja

Jirgin ruwa mai tafiya da iska ma yana shan mai. Yawancin irin waɗannan jirage da aka ƙera a Turai da Amurka a shekarun 1970 da 1980 suna ɗauke da ƙaramin injin dizal, irin na Yanmar ko Volvo Penta ko Perkins, wanda ake tayarwa idan iska ta kwanta ko za a shiga tasha. Jiragen sun tsufa, mitar mansu ma ta tsufa. Shi ya sa masu su da yawa ke garzayawa sayen sensa mai aika bayani zuwa waya. Sayen ba laifi ba ne, amma farawa da shi kuskure ne.

Tsohuwar mita aikinta mai sauƙi ne. A cikin tanki akwai ƙwallo da ke yawo a saman mai, yana motsa wani hannu da ke canza juriyar lantarki, allura kuma ta nuna sakamakon. Tsarin Amurka yana ba da om 240 idan tanki ya ƙare, om 33 idan ya cika. Wani tsarin Turai da aka fi sani yana tashi ne daga sifili zuwa om 190. Idan aka haɗa ƙwallon wani tsari da allurar ɗayan, sai karatun ya juye, tanki cike ya zama kamar babu komai. Ga tsatsa a kan waya, ga jirgi da ke karkata gefe guda idan iska ta cika tantinsa, mai ya taru a kusurwa ɗaya.

Babbar matsalar dai siffar tanki ce. Sau da yawa ana ƙera shi ya bi cikin jirgin, sama da faɗi, ƙasa a tsuke. Ƙwallon tsayin mai yake aunawa kawai. Idan allura ta nuna rabi, abin da ya rage bai kai rabin litocin ba, kuma daga nan sauka take da sauri. Sabuwar sensa da aka ɗora a kan wannan tanki ba tare da saiti ba, ƙaryar nan za ta maimaita, sai dai da lambobi masu kyau a fuskar waya. Mutane kuma sun fi yarda da "kashi 47" fiye da allura mai rawa. Duk wanda wayarsa ta taɓa mutuwa tana nuna saura kashi 20 ya san cewa lamba ƙiyasi ce.

A teku, kuskuren nan yana da tsada. Injin dizal idan ya zuƙi iska a maimakon mai, tsayawa yake, kuma ba zuba mai kaɗai ke tayar da shi ba, sai an fitar da iskar daga bututu. Haka kuma ruwa da dattin da suka kwanta a gindin tanki suna toshe filta idan igiyar ruwa ta girgiza su. Wannan na iya faruwa a bakin tasha, duwatsu dama da hagu, daidai lokacin da ake buƙatar injin.

Hanyar da ta fi aminci ba ta cin kuɗi. A zuke tanki, a riƙa zuba mai lita biyar-biyar, kowane zubi a tsoma sanda mai tsabta a yi mata alama. Wannan sanda ta san ainihin siffar tankin. Inda bakin tanki bai miƙe ba, sai a rubuta karatun mita a kowane zubi. Na biyu, a buɗe littafi: duk lokacin da aka cika tanki, a rubuta litoci da abin da agogon awannin inji ya nuna. Misali, idan inji ya yi awa 20 sannan tanki ya sha lita 30, yana shan lita ɗaya da rabi a awa ke nan, tanki mai lita 60 zai yi awa 40. Mai janareta a gida ya daɗe da sanin wannan lissafi. Sai a ɗora dokar da matuƙa suka saba da ita: kashi ɗaya cikin uku na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya a ajiye.

Masu goyon bayan na'urori suna da hujja: mutum yana mantuwa, littafi yana jiƙewa, waya kuwa tana iya yin ƙara idan mai ya yi ƙasa. Gaskiya ne, kuma a nan fasaha ke da amfani. Da ƙaramin allon ESP32 ana iya karanta tsohon ƙwallon, a tura bayanin zuwa Signal K, manhajar kyauta da ke aiki a kan Raspberry Pi, ko a sa shi cikin tsarin NMEA 2000 na jirgin. Amma sai an shigar da teburin nan na lita biyar-biyar, sannan an sa manhajar ta ɗauki matsakaicin karatu na 'yan mintuna saboda girgiza. Mai son auna gudun mai a bututu kuma ya sani cewa injin dizal yana mayar da wani kaso zuwa tanki, don haka sai ya auna mai fita da mai dawowa.

Ma'auni biyu da ba su dogara da juna ba su ne kariya. Idan waya ta ce saura lita 25, littafi ya ce 12, a yi aiki da 12 har sai sanda ta raba gardama.