Tsohuwar Land Cruiser ba ta 'yan gwangwan ba ce

Jama'ar unguwannin Madagascar da Briqueterie a Yawunde, duk wanda ya ga an sa tsohuwar Land Cruiser FJ40 a kasuwa tana sheƙi, kada sabon fenti ya ruɗe shi. Toyota ta ƙera ta a Japan daga 1960 zuwa 1984, babu kwamfuta a jikinta, shi ya sa bakaniken bakin titi a Yawunde ke iya kwance injinta da sifana. Tsatsa ce ajalinta. Mai saye ya durƙusa ya ƙwanƙwasa shasi, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa, ya gwada giyar taya huɗu a hawan Mbankolo kafin a zauna ciniki. Masu tara tsofaffin motoci a Amurka na zuba mata kuɗi masu tsoka, abin takaici ne a sayar da irinta a kilo.