Sai An Ƙetare Teku Ake Koyon Tuƙin Jirgi?

'Yan'uwa ɗalibai, wata cuta ta kama mu. Duk wanda ya ƙudurta zama matuƙin jirgin sama, hankalinsa sai ya koma Amurka ko Afirka ta Kudu, sai ka ce Zariya ba ta da sararin samaniya. Alhali kuwa tun 1964 aka kafa kwalejin koyon tuƙin jirgi a can.

Ba mu ce fita waje haramun ne ba. Amma wanda zai sa mahaifinsa ya sayar da gona, wajibi ne ya yi tambaya kafin hoton takardar talla ya ruɗe shi. Jirage nawa ne makarantar take da su masu tashi, ban da waɗanda ke kwance suna jiran kayan gyara? Shin hukumar NCAA za ta amince da lasisin in ya dawo? Likita ya duba idonsa da zuciyarsa kafin ya biya ko kwabo?

A 2013 gwamnatin Kano ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙi. Sun dawo da lasisi, amma da yawansu suka daɗe zaune ba aiki, domin lasisin awa kusan 200 ba ya buɗe ƙofar kamfani shi kaɗai. Kamfani yana neman shaidar ƙwarewa a kan irin jirgin da yake da shi, misali Boeing 737, kuma kuɗinta daban ne, mai tsoka. Wa ya gaya wa iyayensu haka ranar da ake yi musu rakiya?