Ɓoye Aibin Mota Ha'inci Ne



A Anka, Gummi da Bukkuyum sau da yawa ana cinikin mota hannu da hannu, bisa amana kawai. Mutum ya san iyakwandishan ɗin motarsa na yoyo, sai ya ƙara masa gas ranar ciniki, ya ja bakinsa ya yi shiru. Idan da hunturu ne, mai saye ba zai gane ba sai zafin Afrilu ya riske shi da iyalinsa a hanyar Gusau.

A ganina wannan ha'inci ne tsantsa. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya cusa hannunsa cikin tarin abinci, ya ji danshi a ciki, ya tsawata wa mai shi saboda bai bayyana jiƙaƙƙen a sama ba. Malamanmu na Malikiyya kuwa sun bai wa mai saye damar mayar da kayan da aka ɓoye masa aibinsu.

Cewa "ai bai tambaya ba" ba hujja ba ce. Faɗi aibin, ka rage farashi, abin da ya saura shi ne halalinka.

Allah Ya tsarkake mana dukiyoyinmu, amin.